Wa Ya Wanke Bindigar Mai Lambu?

Da hantsi aka aika wa Mai Sawu, kuma kamar kullum, sai da aka gama ɓata masa aiki sannan aka tuna da shi. Kafin ya iso lambun, duk mai ƙafa a unguwar ya riga ya shiga ya fita, har da waɗanda ba su taɓa gaida Mai Lambu ba yana raye. Ya tsaya a bakin ƙofar langa-langa yana duban ƙasa, silifa a kan takalmi, takalmi a kan tayar keke, ya ja tsaki mai tsawo. Mutum ne da ya tsufa yana bin sawun ɓarayin awaki da mutanen da suka ɓata, ba ya son hayaniya, ba ya kuma son a nuna masa abu da yatsa. Amma yau ransa ne a ɓace tun daga gida. Wanda ya mutu abokinsa ne tun suna samari, Yaya yake ce masa.

"A ƙirji aka harbe shi, nan ƙofar ɗakin ajiya, da bindigarsa ta korar birai," in ji Mai Unguwa, yana share gumi. "An kai gawar cikin gida. Mai laifin kuma an kama shi."

"To ni me zan yi muku, tunda kun kama?"

Mai Unguwa ya rage murya. "Dogo ne, mai yi masa aiki. An gan shi yana gudu, rigarsa duk jini. Na kulle shi a shagona na siminti. 'Yan sanda sun ce motarsu ta fita, sai yamma. Mai Sawu, samarin nan ba za su kai yamma ba. Na ga ɗaya da jarkar fetur."

Ba a yi ƙarya ba. A gaban shagon samari sun yi dandazo, wasu da gora, wasu da hannu a aljihu, ba mai dariya. A gabansu duka, jingine da ƙofar, babban ɗan mamacin ne, wanda kowa ke kira Bakanike saboda garejinsa na gyaran babura. Idanunsa sun kumbura sun yi ja. Mai Sawu ya san shi tun yana rarrafe.

"Baba," ya ce, muryarsa a dishe, "ba sai ka wahalar da kanka ba. A ba mu shi kawai."

"Za a ba ku in shi ne. Matsa min in ga fuskarsa."

*

Ta 'yar tagar ƙarfe suka yi magana. Dogo yana zaune a kan buhun siminti, leɓensa a fashe. Baƙo ne a garin, ba shi da wanda zai tsaya masa ko da na cewa a yi haƙuri.

"Jiya ya mare ka a gaban mutane, haka ne?"

"Haka ne. Na sare reshen lemon da bai ce in sare ba."

"Ka kuma ce masa wata rana sai ya yi nadama."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Na faɗa. Tafiyata nake nufi, Baba, in bar masa lambunsa ya nemi wani. Wa ya zauna da shi bai faɗi irin wannan ba? Ko 'ya'yansa a tambaye su."

Wannan kam gaskiya ce, Mai Sawu bai musa ba. Allah ya jiƙan Yaya, amma bakinsa ya fi bindigarsa zafi. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kashe masa hannun hagu, faɗan nasa ya ninka, ko kaza ta gifta sai ta sha zagi.

"Gaya min na safiyar yau."

"Ina can ƙarshen lambu ina ban ruwa. Na ji birai sun sauko kan gwaiba, na ji shi yana zaginsu, sai na ji harbi. Na jira in ji ya ci gaba da zagi, shiru. Shirun ne ya tayar min da hankali. Na zo na same shi kwance, bindigar a kansa. Na ɗauke ta, na rungume shi, yana numfashi sama-sama. Na fita da gudu zan kira mai kemis, aka tare ni a kwana."

"Ka taɓa riƙe bindigar kafin yau?"

"Ni? Wanda ya taɓa ta ai ya gama zama a gidan nan."

*

Mai Sawu bai tsaya inda aka tattake ba. Ya bi gefen shinge ya zagaya ƙarshen lambun, inda 'yan kallo ba su ga abin kallo ba. Can ya tarar da tiyo a yashe, ruwa ya cika kwamin albasa ya malala har gindin lemo. Mai shirin kisa ba ya barin ruwa a sake haka. Daga cikin taɓon sawun Dogo ya fito, ƙafa babu takalmi, yatsu sun nutse, taku da nisa. Gudu yake yi, kuma wajen ɗakin ajiya ya nufa. Sai dai wannan bai isa ya buɗe ƙofar shago ba, don mutum yana iya gudu zuwa kisa kamar yadda yake gudu zuwa ceto.

A kusurwar gabas ya ga wani abin. An banƙare shingen, ga sawun takalmin roba ya shigo, ya ɗan yi gaba, ya koma. Na safiyar nan ne, raɓa ba ta taɓa shi ba. Ya bi shi har garken maƙwabci.

Mai Tumaki yana ganinsa ya saki bokitin dusa. Gajere ne mai yawan rantsuwa, kuma duk unguwa ta san shi da Mai Lambu ba sa ga maciji, tun ranar da tumakinsa suka cinye dashen mangwaro aka yi masa alkawarin harsashi.

"Ka shiga lambun da safe," in ji Mai Sawu.

"Wa ya ce? Wallahi ni..."

"Takalminka ya ce. Na hagu ɗinkin waya ne a dunduniya."

Mutumin ya dubi ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. "Ɗan rago ne ya kutsa, na shiga ɗauko shi kafin tsohon ya gani. Ina riƙe da shi na ji harbin. Na ɗauka ni aka harba, na rantse har na shafa cikina."

"Ka hango ɗakin ajiya?"

"Gwaiba ta tare ni. Amma kafin harbin na ji shi yana zagin birai, shi kaɗai yake ta faɗa. Ban ji muryar kowa ba."

"Shi ne ka yi shiru, ana shirin ƙona mutum?"

"In na ce ina ciki, ai ni za a mayar shagon."

Mai Sawu ya dube shi har sai da ya kau da kai. Sawun ya goyi bayansa: ya shigo da sanɗa, ya fita da nauyin rago a hannu, bai kai ko rabin hanyar ɗakin ajiya ba. Matsoraci ne kawai, kuma tsoro ba laifin da ake kulle mutum a kansa ba ne.

*

A ƙofar ɗakin ajiya babu abin karantawa, an mayar da wurin kamar bakin kasuwa. Abu ɗaya ne bai zauna daidai ba, wato baro da aka kifa a tsakiyar hanya.

"Ni na kifa shi," wata murya ta ce daga bayansa. Matar mamacin ce, wadda yaro da babba ke kira Inna. Gidansu a jikin lambun yake, ta fito ta bar mata suna kuka a ciki. Ita ba ta kuka, kuma hakan ya fi ba Mai Sawu tsoro. "Kaji ne suka taru a kan jinin. Ban iya kallo ba."

"Tun yaushe?"

"Ana ɗaga shi, kafin mutane su cika."

Ya yi mata gaisuwa, ya durƙusa, ya ɗaga baron a hankali. Jini ya bushe ya yi baƙi. A gefensa ga sawun Yaya guda biyu, na dama ya zauna sosai, na hagu ya ɗan ja ƙasa kamar yadda yake jan ƙafar. Tsakaninsu kuwa akwai wani rami ɗan ƙarami mai siffar ƙwai, ya nutse cikin ƙasa, gefensa ya tsage. Mai Sawu ya daɗe yana kallonsa. Ya sa aka karɓo bindigar daga wurin Mai Unguwa, ya tabbatar babu komai a cikinta, ya ɗora gindin ƙotarta a kan ramin. Ta zauna cif.

Tsohuwar bindiga ce mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a tsakiya, a zura harsashi, a rufe.

"Innar yara, tun da hannunsa ya mutu, yaya yake rufe ta?"

"Kafa ta yake yi a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ya tokare da gwiwa, ya jawo bakin da hannun dama har ta ce ƙas. Sau nawa na ce masa bakin nan ƙirjinka yake kallo? Sai ya ce ya san bindigarsa fiye da yadda ya san ni."

Mai Sawu ya sake duban ramin. Nauyin bindiga kaɗai ba zai haƙa wannan ramin ba, sai in ta tashi tana kafe a wurin, ta doki ƙasa da gindinta. Babu wanda ya tsaya gaban Yaya ya harbe shi. Amma bindigar da ta yi shekara da shekaru ana rufe ta haka, me ya sa yau? Ya kai hancinsa inda take karyewa ya shinshina. Bayan warin albarushi akwai wani, siriri, wanda bai taɓa ji a jikinta ba. Ya duba ciki, ƙarfe yana ƙyalli. Yaya kuwa bayanta kawai yake gogewa da tsumma, yana cewa dattin cikin ne ke riƙe da ita.

"Ya wanke ta kwanan nan?"

"Da wane hannun?" in ji Inna.

*

Maƙeri yana da rumfa a bayan kasuwa, shi yake gyara wa masu gadi da masu lambu tsofaffin bindigoginsu. Ya karɓi bindigar, ya karya, ya leƙa, ya rufe a hankali kamar mai rufe ƙofar ɗakin mara lafiya. Babu abin da ya faru. Ya sake karyawa, ya rufe da ƙarfi.

Ƙas!

Su biyun suka dubi juna. Yatsansa bai je ko kusa da kunamar ba.

"Gudumar ciki ce ta faɗi da kanta," in ji Maƙeri. "Da akwai harsashi, da yanzu rumfata ta huje." Ya sake gwadawa. A hankali shiru, da ƙarfi ƙas. Ya shimfiɗa fata, ya kwance notina, ya fara jera kayan cikin yana magana da kansa. Ya zaci an juya wayar da ke tura gudumar, ya duba, tana daidai. Ya zaci wata ƙusa ce ba ta zauna ba, ita ma tana mazauninta. Ya ja kunamar ya sake ta, tana dawowa lafiya. "Wanda ya haɗa ta ya iya hannunsa. Komai yana inda ya kamata. Kuma da fetur ya wanke ta, kana ji ai."

"Ba kai ba ne?"

"Ni da ke kwana da wuta zan ajiye fetur? Ka raina min hankali, Mai Sawu." Ya ɗago wani ɗan ƙarfe mai kamar haƙori ya kai shi haske, sai hannunsa ya tsaya. "Ina gwangwanina?"

"Wane gwangwani?"

"Wannan haƙorin shi ke riƙe gudumar har a ja kunama. Tun da daɗewa ya cinye. Na ce wa mutumin nan ya bari in ƙera sabo, ya zage ni tas, wai ina son in lalata masa gadon ubansa. Sai na yanki gwangwanin madara na ninke, na cusa a bayansa don ya riƙa danna shi. Shi ke riƙe da ran bindigar nan. Wanda bai sani ba zai ɗauka datti ne ya maƙale." Ya juya haƙorin. "Kuma dubi nan."

A bakin haƙorin akwai sabon ƙyalli, layi-layi.

"Magagari ne. Bayan ya haɗa ta ya gwada, ya ji tana faɗuwa da kanta, ya sake kwancewa ya goga yana neman gyara. Ƙara cinye shi ya yi. Mai Sawu, wanda ya yi aikin nan ya san ta lalace kafin ya mayar da ita kan ƙusa."

Mai Sawu ya sa Maƙeri ya haɗa ta yadda ya same ta, ya laluba aljihunsa ya taɓa jan fankon harsashin safiyar, wanda Mai Unguwa ya ba shi tare da bindigar.

*

Mai wanke ƙarfe da fetur ba ya yi a ɗaki. Mai Sawu ya koma lambun ya zagaya bayan ɗakin ajiya, inda inuwa take kuma ba a hango mutum daga gida. Bai sha wahala ba. Ciyawa ta ƙone a zagaye inda aka zubar da ragowar fetur. Kusa da ita ƙasa ta kwanta sumul, faɗin kwali, irin wanda ake shimfiɗawa a jera kayan inji. Ya sa tsinke yana tona cikin ciyawar har ya ji ya taɓa wani abu. Ɗan gwangwani ne a ninke, baƙi ƙirin, bai kai farcen babban yatsa ba.

Sawun wanda ya tsuguna a wurin na kwana biyu ne, amma inuwa ta adana shi. Takalmi ne mai kauri, kuma na dama yana da kwarmi a tsakiyar tafinsa, irin wanda ƙarfen tayar da babur ke ci wa wanda yake wuni yana taka shi. Ya ga irin wannan kwarmin ɗazu da safe, a ƙurar ƙofar shagon siminti, inda Bakanike yake tsaye.

Ya zauna a ƙasa. Tunda yake bin sawu bai taɓa fatan idonsa ya yi masa ƙarya ba sai yau. Da ya tashi ya leƙa gida ya tambayi Inna inda Yaya yake shekaranjiya. Ta ce asibiti ta raka shi gashin hannu, suka wuni. Babban ɗansu ne ya tsare lambun, ya gyara musu injin ban ruwa.

Ya samu Bakanike inda ya bar shi. Samarin sun ƙaru, jarkar kuma yanzu ba a ɓoye take ba. Ya ja shi gefe.

"Ɗana, ni da ubanka mun ci abinci a kwano ɗaya. Akwai abin da kake son gaya min, ni da kai?"

Bakanike ya dubi buhun da bindigar ke ciki, ya dubi ƙofar shagon. Mai Sawu ya jira, yana roƙon Allah a ransa.

"Babu, Baba."

"Mutumin da ke cikin shagon nan ɗan wani ne shi ma."

"Na ce babu."

*

Rana ta karkata lokacin da Mai Unguwa ya fito da Dogo, hannu a ɗaure, ya kawo shi lambun, jama'a na biye suna gunaguni. Aka tsaya a ƙofar ɗakin ajiya. Ga Mai Tumaki yana raɓe-raɓe, ga Maƙeri, ga Inna a bakin ƙofar gida, ga Bakanike da samarinsa. Mai Sawu ya san sawun takalmi a lambun uban mutum ba hujja ba ce, kuma taron da ya wuni a rana yana jiran jini ba zai watse don ɗan gwangwani ba.

Ya nuna musu sawun gudun Dogo. Ya sa Mai Tumaki ya faɗi abin da ya ji, ya faɗa yana haɗawa da rantsuwar da ba a nema ba. Sannan ya ɗaga baron ya nuna ramin.

"Bindigar nan a ƙasa take kafe lokacin da ta tashi. Yaya yana rufe ta ne."

"Rami kawai?" wani ya yi ihu daga baya. "Saboda rami za a saki mai kisa?"

"Bindiga ba ta tashi sai an ja kunama," in ji wani. Aka yi ta haka ne, haka ne.

"To mu gwada," in ji Mai Sawu. Ya zaro bindigar daga buhu, ya karya ta, ya fito da jan harsashi daga aljihu ya zura a idon kowa. Shi da Maƙeri kaɗai suka san fanko ne. Ya miƙa wa Bakanike. "Kai ne babba. Kafa ta ka rufe yadda ubanka ke yi. In lafiyarta ƙalau, babu abin da zai faru, Dogo kuma ya amsa tambaya."

Bakanike ya ja da baya. "Ba zan taɓa abin da ya kashe ubana ba."

Jama'a suka goyi bayansa, har wani ya ce wannan rashin tausayi ne. Mai Sawu ya ji dabararsa tana zamewa daga hannunsa. Mai jarka ya fara matsowa kusa da Dogo.

"Kawo ta nan."

Inna ce. Ta ratso mutane ta miƙo hannu. Mai Sawu bai shirya wannan ba, kuma ya san abin da zai jawo mata. Ya dubi igiyar da ke hannun Dogo, ya sakar mata bindigar.

"Kullum a gabana yake yi," ta ce. Ta kafa ƙotar tsakanin ƙafafunta, ta tokare da gwiwa, ta kama bakin da hannun dama. Bakin ya daidaita da ƙirjinta.

"Inna, kar ki rufe!"

Kafin kowa ya motsa Bakanike ya yi tsalle ya damƙe bakin bindigar da hannu biyu, ya karkatar da shi, ya tsaya tsakaninta da shi yana haki.

Inna ta dube shi. "Me ya sa, ɗana? Ai ban taɓa kunamar ba."

Mai Sawu ya buɗe tafin hannunsa, ɗan gwangwanin yana ciki. Bakanike yana ganinsa ya sulale ƙasa a gaban uwarsa.

"Tsatsa na gani ta cinye ta," ya ce, kuka yana yanke masa magana. "Na ce bari in wanke masa, ko sau ɗaya ya ce na yi abin kirki. Da na haɗa sai na ji tana faɗuwa. Na kwance, na goga, na sake haɗawa, ta ƙi. Na ji motsinku a ƙofa, na mayar da ita. Na ce zan kai wa Maƙeri kafin ya buƙace ta. Jiya na zo zan gaya masa, na tarar yana marin Dogo a kan reshe ɗaya. Reshe, Inna. Sai na kasa."

"Zaginsa ka ji tsoro?" Muryarta ba ta tashi ba. "Da ka faɗa, zagi ne zai yi, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarka. Ni da nake shan sa tun kafin a haife ka, ga ni a tsaye."

"Da safe kuma," in ji Mai Unguwa a hankali, "da aka kama bawan Allahn nan?"



Inna ta janye bindigar daga hannunsa, ta juya bakin sama, ta rufe da ƙarfi. Ƙas! Kowa ya ji, kowa ya ga yatsunta a nesa da kunamar. Na baya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Jarkar ma aka neme ta aka rasa mai ita, tana ajiye ita kaɗai a gindin lemo.

Mai Sawu da kansa ya kwance Dogo. Igiyar ta ci fatarsa ta yi zobe. Dogo bai dubi kowa ba, ya tambaya ko za a bar shi ya ga gawar kafin a fita da ita. Babu wanda ya iya haɗa ido da shi, sai Maƙeri ne ya kama hannunsa ya shiga da shi.

Can bakin titi aka ji tsayawar motar 'yan sanda. Mai Unguwa ya ɗaga Bakanike, suka nufi ƙofar langa-langa. Inna ta bi bayansu da kallo, sannan ta miƙa wa Mai Sawu bindigar.

"Ka san babu komai a cikinta?"

"Na sani, Innar yara. Da ban ba ki ba."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin hawaye ya zubo mata.

"Shi ɗana bai sani ba," ta ce. "Ka gaya musu wannan ma, in sun tambaye ka."

Ta gyara mayafinta ta bi bayan ɗanta. Mai Sawu ya tsaya shi kaɗai da bindigar abokinsa a hannu, sannan ya sunkuya ya mayar da baron kan jinin, saboda kajin sun fara dawowa.